Tarho yana falo, Inna tana Sae Sabuwa

Ke ɗiyata, jawo tabarmar nan kusa da ƙofar zaure. Zan yi magana, kuma ba zan rage murya ba. Ban kira sunan kowa ba, wanda ta taɓa shi, tasa ce.

An ce wani bawan Allah a Maraɗi ya shiga dogon tunani: ko ya cire tarhon da ke girke a falonsa ya sayi wayar shafa, ko ya bar shi. Ya yi shawara da 'yan fadarsu, ya yi da abokan aikin da suka yi ritaya tare. Mu da muka fi kowa buga lambar nan, mu na Sae Sabuwa, ba wanda ya ce mana ci kanku.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, tarhon nan ya yi rana. Zamanin da babu layi sai na Sonitel, in kana son jin muryar ɗanka sai ka sauka Maraɗi, ka shiga telesantar, kana magana kana kallon agogo. Gidan da ke da tarho a lokacin shi ne rufin asirin dangi. Ɗan cirani ya bugo daga Kano ko Agadas, a riƙe saƙo, ran kasuwar Litinin ko Juma'a a ba mai komawa ƙauye. Mai tarhon nan ya yi mana wannan hidima shekara da shekaru, Allah ya saka masa. Abin da ya sa maganar take ci mini rai ke nan: mutumin da ya isar da saƙon kowa, yau shi ne ba a samu.

Celtel ta shigo Nijar a 2001, ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010. Orange ta zo a 2008, daga baya ta koma Zamani. Ita kanta Sonitel an haɗa ta da Sahelcom a 2016 suka zama Niger Telecom. Masu layin ma sun bi zamani. Shi kuwa tun da aka mayar da lambobi guda takwas a 2006, ya riƙe 20 41 ɗinsa bai ƙara motsi ba.

Na ji hujjojinsa. Wai tarhon girke ba ya neman caji. Gaskiya ne, kuma ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, da Najeriya ta yanke wuta, birni ya kwana cikin duhu. Amma mu nan da ba mu saba da wuta ba, yaro ne ke da pano a bakin hanya, ka ba shi 'yan daloli da hantsi, la'asar ka karɓi wayarka cike. Wai wayar shafa tana cin kuɗi, tana kawo ƙarya da shagala. Wannan ma ban musa ba, na ga yaran da suka bar hira da iyayensu saboda ita, na ji labaran ƙarya da suka tayar da hankalin gari. Sai dai dattijo mai furfura ba yaro ba ne, ya san abin da zai buɗe da abin da zai share.

Dube ni, ɗiyata, ni da ban yi lakwal ba. In riɗi ko aya ya yi kuɗi a Agye ko Gazawa, kafin magariba mun ji. In yaro ya turo kuɗi ta Nita, a waya ake sanar da mu. Ban iya rubutu ba, amma na iya danne wurin magana a WhatsApp in faɗi abin da ke bakina. Haka nake riƙa wa Inna wayar kusa da baki. Sai ta gyara zama, ta yi sallama kamar mutum yana gabanta, ta gaida jikokinta na Libiya ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye su ko suna cin abinci. In amsa ta dawo, sai ta sa a maimaita mata, tana share ido da gefen zane.

Ɗa guda ne ba ta da inda za ta aika wa.

To bari in faɗi abin da ake ta kewayawa. Tarhon girke yana da wani amfani da ba a ambata a fada: yana iya cewa mai gida ba ya nan. Ya tafi masallaci, ya tafi jana'iza, yana barci. Wayar aljihu ba ta san wannan ba. In saƙo ya shiga tana nunawa, in ka saurara tana nunawa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wanda yake tsoron a ce masa rufin ɗaki ya zube, ko maganin ido ya ƙare, shi ne zai ce yana tausayin tsohuwar lamba.

Daren da ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi, ƙarshen Agusta na 2024, gidaje suka faɗi, aka rasa rayuka, Inna ba ta runtsa ba. Muka yi ta bugawa, tarho yana ƙara a falo, ba mai ɗauka. Sai da gari ya waye wani maƙwabci ya ce mana lafiya lau suke. Daga bakin bare uwa ta ji ɗanta yana da rai.

Kuma ba kuɗinsa take nema ba, wallahi. Rumbunmu da gero, ba mu kwana da yunwa ba. So take ta ji ya ce Inna ina kwana, ta ce Allah ya yi maka albarka.

In yana son tarhonsa ya bar shi a falo, ba wanda ya ce sai ya tsinke waya daga bango. Amma ya sayi ta aljihun, kuma ya ba mu lambar da hannunsa, kada mu ji ta a bakin wani. In koyo ne yake jin kunya, ke ɗin nan kin isa ki nuna masa kafin shayinsa ya huce. Tashi ki leƙa zaure, ki ce in akwai mai sauraro, Inna ta farka.