Ɓarawon da Ya Yi wa Mai Kaya Shara

A unguwarmu, in dai maganar Whot ce, ba wanda zai ce bai san ni ba. Shekara da shekaru ina zaune a bencin mai shayi ina zuba wa manyan mutane fik tu, in bi su da fik tiri, kafin su ɗago kai na tura su janar maket. Abin da bencin nan ya koya mini guda ne: karta duka ce, wanda ya fi iya gallaza wa na kusa da shi shi ke tashi da baki har kunne.

Ƙanena ne ya dawo hutun Babbar Sallah daga Jamus, inda yake karatu. Maimakon turare ko agogo, sai ya dire mana wani kwali a tsakiyar falo, an rubuta Dominion a jikinsa. Kati 500 ne a ciki. Ya ce wani Ba'amurke, Donald X. Vaccarino, shi ya ƙirƙiro wasan, ya fito a 2008, a 2009 kuma ya ci Spiel des Jahres, babbar kyautar da Jamusawa ke ba wasan da ya yi fice a shekara. Na ce masa duk wannan tarihi ne, malam, raba karta.

Hajiyarmu ta leƙo daga ɗaki ta tambaya ko caca muke shirin yi mata a gida. Ya rantse ba a sa ko sisi. Ta ce to zinaren da take ji ana ambata fa? Ya ce na takarda ne. Ta ce Allah ya shirya, ta saki labule.

Mu huɗu muka kewaye tabarma: ni, shi, uwargida, da 'yata Ummi mai shekara 12. Da Jamusanci aka rubuta katunan, don haka ya riƙa raɗa musu sunan Hausa yana bayani. Kowa zai fara da kati 10: Tagulla 7, ƙananan Gonaki 3. Kati biyar-biyar ake ɗiba. Da kuɗin da ya zo maka a hannu za ka sayi sabon kati daga kasuwar da aka shimfiɗa a tsakiya, abin da ka saya ya shiga tarinka, a karkaɗa, ya sake dawo maka nan gaba. Wato a nan ba a raba maka ƙaddara, kai kake sayen abarka. Azurfa kuɗinta 3, tana ba ka 2. Zinare kuɗinsa 6, yana ba ka 3. Babban abin nema shi ne Lardi, kuɗinsa 8, makinsa 6, kuma da yake mu huɗu ne guda 12 aka ajiye. Da zarar sun ƙare wasa ya tashi, a ƙirga maki.

Ya kuma ce a kowane zagaye katin aiki ɗaya tak mutum zai iya bugawa, sayayya ma ɗaya. Na tabbata ya faɗi haka, domin daga baya shaidu uku sun tabbatar. Ni dai a lokacin idona ya riga ya faɗa kan wani kati mai hoton mutum yana sanɗa. Na ce wannan fa?

"Ɓarawo ke nan, Yaya. Kuɗinsa 4. In ka buga shi, kowa zai buɗe kati biyu na saman tarinsa. In da kuɗi a ciki ka zaɓi ɗaya ka raba shi da shi har abada. In kana so ka ɗauka ya zama naka."

In ina so! Na dube shi kamar yadda ake duban yaron da ya tambayi kura ko tana cin nama. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, na ɗaga masa hannu. Wai ni za a koya wa mugunta a karta.

Hannuna na farko Tagulla 4 ne cif. Na sayi Ɓarawo. Uwargida ta sayi Azurfa, ba ta ce komai ba. Ummi ta sayi wani ɗan kati mai kuɗi 2 da kawunta ya kira Ganuwa, na ji tausayinta a raina, na ce yarinya dai yarinya ce.

Bugun farko da na yi da Ɓarawo har yanzu ina jin daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Uwargida ta buɗe: Tagulla. Ƙanena ya buɗe: Tagulla. Ummi ma haka. Na kwashe uku rigis, na buga su a kan tarina har tabarma ta amsa. Abin da ya ɗan dame ni shi ne ba wanda ya yi kuka. A bencin mai shayi, in ka yi wa mutum irin wannan sai an riƙe shi. Nan kuwa uwargida cewa ta yi, "An gode, Abban Ummi," kamar na miƙo mata kuɗin cefane. Na ɗauka ƙarfin hali ne irin na mata.

Da na ga harka ta karɓe ni sai na ƙara jari. Ɓarawo na biyu. Ɓarawo na uku. A lissafina na kafa ƙungiya. Ba a jima ba kuwa Allah ya haɗa mini su a hannu ɗaya: Ɓarayi uku da Gonaki biyu. Na gyara zama, na gyara hula, na jera su a tabarma ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗaya ake bugawa, Yaya."

"Wa ya ce?"

"Na faɗa tun farko."

"Ya faɗa, Abba," in ji Ummi, wadda ni nake biya mata kuɗin makaranta.

Haka na mayar da Ɓarayi biyu suka tafi hutu ba su saci ko allura ba. Kuma da yake shi Ɓarawo ba ya ba ka ko kobo na kashewa a zagayen da ka buga shi, abin da ya sato ma sai an sake karkaɗawa zai iso hannu, zagayen nan ko Gona ban iya saya ba. Na tashi a tutar babu.

Ita kuwa Ganuwar da na raina, ashe in tana hannunka aka kawo hari, nuna ta kawai za ka yi, harin ya wuce ka. Ummi ta sayi uku. Duk lokacin da na ɗaga Ɓarawo sai ta ɗaga tata da yatsu biyu, ko kallona ba ta yi, tana cin dambun nama da ɗaya hannun.

To ga inda gizo ke saƙa, kuma sai da aka kusa tashi na gano. A wasan nan Tagulla ba dukiya ba ce, tarkace ce. Hannu kati biyar ne. Ko duka biyar ɗin Tagulla suka zo, 5 ka tashi da ita, Lardi kuwa 8 yake nema. Duk gwanin wasan burinsa ya rabu da Tagullarsa don manyan katunansa su riƙa zagayowa da wuri; har akwai kati a kwalin da aikinsa ke nan kawai, ka saye shi da kuɗinka don ya ƙone maka irin wannan shara. Ni kuwa na ɗauke wa uwargida wannan wahala kyauta, na kuma kwaso sharar na zuba a ɗakina. Tarin katinta ya rame ya zama tsoka zalla. Sai ta ɗebo Zinare biyu da Azurfa ɗaya, ta ce, "A ba ni Lardi." Zagaye biyu a tsakani, "A ƙaro Lardi." Nawa tarin kuwa ya yi kaurin da hannu ɗaya ba ya iya karkaɗa shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sau ɗaya na yi sa'a, gaskiya, na cafke Zinaren ƙanena. Na miƙe tsaye na zaga tabarma. Zinaren nan ya nutse a cikin Tagullata, sau ɗaya ya sake leƙowa, shi ma a ranar ya zo da rakiyar Ɓarayi biyu da Gona.

Kada ku ce uwargida ba ta kai hari. Ta kai, sai dai ta san wanda za ta ɗauka aiki. Mayya ta saya, mai kuɗi 5. Ita wannan in an buga ta, mai ita ya ƙaro kati biyu a hannu, kowa kuma ya karɓi Tsinuwa, katin da ba ya sayen komai, yana cin wuri a hannu, a ƙarshe kuma ya zaftare maki ɗaya. Wato tana cutar da kai tana kuma ciyar da mai ita gaba a bugu guda. Guda ɗaya ta saya, kuma da yake ni da hannuna na rage mata tarin kati, Mayyar nan ba ta nisa, yanzu-yanzu ta dawo. Duk zuwanta uwargida sai ta miƙo mini Tsinuwa da hannu biyu, cikin ladabi, ta ce, "Ga naka, ranka ya daɗe."

Da Lardi na 12 ya tafi aka zauna ƙirga. Uwargida na da Lardi 6. Ƙanena 4. Ummi 2. Ni kuwa ina da Gonakina uku na gado, da wata matsakaiciyar Gunduma mai maki 3 da na saya don kada a ce ban sayi komai ba, sai Tsinuwa 7. Ummi ta yi lissafin a fili, da ƙarfi, irin yadda ake yi a aji: uku da uku shida, a ɗebe bakwai. Ɗaya ƙasa da sifili. Hajiya da ke kwance a ɗaki, wadda ko katin ba ta taɓa ba, ta fi ni maki.

Ƙanena ya so ya rarrashe ni. Ya ce akwai wani kati, Lambu, da ke ba da maki ɗaya a kan kowane kati 10 da mutum ya tara, da an fito da shi da na ɗan ga haske. Na ce an fito da shi? Ya ce a'a. Sannan ya ƙara da cewa kwalin nasa tsohon bugu ne. Da aka sake buga wasan a 2016 cire Ɓarawo aka yi gaba ɗaya, aka maye gurbinsa da Ɗan Fashi, wanda doka ta hana shi taɓa Tagulla. Wato ma'aikacin da na ɗauka har sau uku, masu shi ma sun sallame shi.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta tsara ramuwa. Washegari bayan isha'i ni na shimfiɗa tabarma da kaina. Ƙanena ya canza katunan kasuwa, ban tsaya duba su ba, domin na riga na yanke shawara: ba mai sake tsine mini a gidana. Na sayi Ganuwa. Na ƙara. Na ƙara. Da na kai hannu kan ta huɗu sai Ummi ta taɓa ni a gwiwa.

"Abba, yau fa babu katin hari ko ɗaya a kasuwar."

Na duba. Babu. Na ɗago na kalli uwargida, ita kuma tana jera Zinare biyu da Azurfa ɗaya a bakin tabarma.