Sarkin Baka, ka iya ƙirga ƙaho?

Taubashi, labari ya iso ni cewa ka cika kasuwar Tabotaki da ƙorafi, wai ma'aikatan gandun daji sun hana ka sakat da zancen takardar farauta, da ba don su ba da tuni ka ƙosar da Adar kaf da naman barewa. Allah Sarki, bawana! Wace barewar? Tun muna yara kake saɓa wannan harba-ka-ruga taka, kuma abu mafi girma da ya taɓa fitowa daga burgamenka zomo ne, shi ma karenka ya kamo.

Ka gode wa Allah da ya ajiye ka a ƙasar Buza. A jihar Kolorado ta Amurka akwai wata ƙatuwar dabbar dawa da suke kira elk, namijinta kan kai kilo 300, ƙahonsa mai rassa, yana zubar da shi duk shekara ya tsiro sabo. A mafi yawan dazuzzukan jihar, ko da lasisi a aljihunka, ba ka isa ka harbi namiji ba sai ka tabbatar ƙaho ɗaya yana da reshe 4, ko kuwa reshen da ke bisa goshi ya kai inci 5, wajen santimita 13 ke nan. Tsiron da bai kai inci 1 ba ma ba a sa shi a lissafi. Sai ka ga ƙato ya laɓe cikin ƙanƙara da madubin hangen nesa yana ƙirge, dabba na kiwo abinta. In ya yi kuskuren reshe ɗaya, ga tara, ga naman an ƙwace. A gabashin jihar Washinton kuma sun juya abin: yawancin mafarauta ɗan saurayi mai ƙaho tsinke kawai aka yarje musu, manyan sai mai takarda ta musamman.

To kai da ba ka iya sa zare a allura sai ka kira jika, yaya za ka yi? Kafin ka ce "ɗaya, biyu", dabbar ta sha ruwa a wata jihar. Kuma dole mai bindiga ya sa riga da hula masu ruwan lemo ko ruwan hoda, masu ɗaukar ido. Ina layunka za su zauna?

Kada ka ce haukan Nasara ne. Dalilin mutanen Kolorado shi ne ɗan shekara guda ya tsira, ya girma, ya yi barbara. Kakanmu da ka gaji bakansa ba ya harbin mai ciki ko mai shayarwa, ba kuwa wanda ya rubuta masa. Dokar Nijar mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ba ta ce ka ƙirga ƙaho ba. Ta ce ka nemi izini, ka bar farautar dare da fitila, ka bar guba da bin dabba da mota, kada ka taɓa irin su raƙumin dawa da jimina. Wanne ne ya fi ƙarfinka a nan? Fitilar, na sani.

Tun 1984 aikin raya karkara na Keita ya sa mata suka yi ta jidar duwatsu a ka, ana dasa itatuwa a kan fako har daji ya fara komowa. Ɗan abin da ya biyo inuwar, zabin dawa da fakara, su kake bi har kan ƙwai. Mai son ganin barewa yanzu sai ya nufi Gadabeji.

Ranar kasuwa mai zuwa ina tafe. Ka tanadi takardarka in gani da idona, ka kuma gaya wa gwaggo ta ɗaure akuyarta, don ita kaɗai ce mai ƙaho da ta rage a inda bindigarka ke kaiwa.