Malaman Motsa Jiki: Kowa da Irin Usur Ɗinsa

A jadawalin firamaren gwamnati, daga Maruta zuwa Sara, daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, akwai wani ɗan gurbi mai haruffa uku, PHE, wato darasin motsa jiki da kiwon lafiya. Manhajar da hukumar NERDC ta tsara ta ƙasa baki ɗaya ce. Abin da ake so ɗan aji biyar na Legas ya koya, shi ake so na Maruta ya koya: guje-guje, tsalle-tsalle, ƙwallo, tsaftar jiki da taimakon gaggawa. Sai dai kowane malami da yadda yake karanta takardar.

Wanda aka fi cin karo da shi shi ne Malam Na-Allo. Littafin shirin darasinsa tsaf yake, an ja layi da jan biro, manufa a sama, tambayoyi a ƙasa, hedimasta ya sa hannu tun ranar Litinin. Amma filin makaranta bai san sawunsa ba, domin da alli yake koyar da gudu. Yaransa sun haddace cewa zagayen filin tsere mita 400 ne, faɗin ragar ƙwallo mita 7.32, an fara gasar Olamfik ta zamani a 1896, kuma Chioma Ajunwa ta ciyo wa Nijeriya zinare a dogon tsalle a 1996. Ka ce wa ɗayansu ya tsallake kwatar bakin aji, sai ya tambaye ka ko za ta fito a jarrabawa. Ba dai a ɗora wa malamin laifin duka ba. Gyaran manhajar da ya fara aiki a 2014 ya cusa PHE cikin kimiyya da fasaha, tare da kwamfuta, kuma darasin da aka haɗa ɗaki da kimiyya dole ya koyi zaman benci. Sai a 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta mayar masa da gurbin kansa.

Kishiyarsa shi ne Mai Ƙwallo Ɗaya, wanda duk shirinsa kalma uku ne: "Ku je fili." Ya cilla tamaula, mazan aji kaf su bi ta, ƙura ta turnuƙe, shi kuwa ya ja benci gindin darbejiya yana duba sakamakon Arsenal a waya. 'Yan mata suna gefe suna carafke, amma a littafinsa an rubuta har da su aka buga. Ranar da ƙaya ta fasa ƙwallon, aikin zangon ya ƙare ke nan.

Sai Saja. Bai taɓa leƙa bariki ba, amma usur ba ya barin wuyansa, ko a wurin ɗaurin aure. A lissafinsa shekara kwana biyu gare ta, 27 ga Mayu ranar yara da 1 ga Oktoba, sauran kwanakin duk na gwajin fareti ne. Zai jera yara da tsakar ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana daka musu tsawar hagu da dama har wani ya yanke jiki ya faɗi. Babbar ɓarnarsa kuwa ita ce bai raba horo da hukunci ba. Tsallen kwaɗo na mai makara ne, zagaye fili na mai surutu. Yaron da ya shekara uku a hannunsa yakan fita da yaƙinin cewa motsa jiki abu ne da ake yi wa mai laifi.

Akwai kuma wanda ba malamin darasin ba ne, amma ya fi kowa cin moriyarsa: Mai Aron Lokaci. Galibi lissafi yake koyarwa a aji shida, idonsa na kan jarrabawar shiga sakandare. "Malam, don Allah ara mini lokacinka na yau, zan biya." Ba a taɓa jin ya biya ba. Idan an matsa masa, sai ya nuna hanyar Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, inda Aliko Ɗangote ya yi karatu, ya ce, "Da tsalle ake shiga can?" Yana da wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar minti 60 na motsa jiki kullum, kuma yaron da ya ɗebo ruwa, ya kai tumaki kiwo, ya tako daga ƙauye, ya cika awarsa tun kafin a buga ƙararrawa. Gaskiya ne. Amma tulu ba ya koya wa yaro jiran layinsa, ko shan kaye ba tare da dambe ba, ko abin da ake yi wa mai haɓo da mai targaɗe.

Ƙaninsa Mai Tsintsiya ba ya ma wahalar kawo hujja. Da damina ta faɗi, darasin ya koma shara da cire ciyawa. Shi kuma Mai Makulli yana da ƙwallaye da igiyoyi a sito, har yanzu cikin ledarsu, ba sa ganin rana sai an ji baƙi za su zo daga Dutse.

Can a ƙarshen layi akwai wata Malama da ba ta da kayan aiki, don haka da yanayi take shiri. Da bazara takan roƙi a ba ta darasin farko, kafin rana ta ɗaga. Da hunturu takan jira hantsi. Da azumi sai a koma inuwa, a yi wankin hannu da ɗaurin rauni. Toka ce fentin layinta, gwangwanin madara ne alamar juyawa. Minti 35 ɗinta a rabe suke: biyar na ɗumama jiki, goma na nuna dabara, sha biyar na wasa, biyar na hutawa da shan ruwa. Maza su yi langa, ƙafa ɗaya a hannu, ana kare ruwa har ya sha. Mata su yi 'yar gala-gala da tsallen igiya, kuma ba ta yarda kowa ya zauna sai mara lafiya. Mai raina langa ya sani cewa tana cikin wasannin da ake ba wa lambar yabo a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, tare da dambe da kokawa.

Littafin shirinta ya sha ƙura da shatin yatsu, hedimasta kan kama shi da yatsa biyu in zai sa hannu. Sauran malamai na ƙorafin ihun ajinta ya hana yaransu kallon allo. Idan kuma jarrabawar zango ta matso, tunda takardar faɗin raga za ta tambaya, sai a gan ta a ƙofar ajin Malam Na-Allo ana idar da sallar azahar, tana cewa, "Malam, a taimaka mini da littafin nan naka zuwa Alhamis."