Mai Uwa a Gindin Murhu

A gaishe da hukumar kula da makamashin nukiliya ta Amurka, NRC, gwanar karamci, wadda ba ta iya ganin kamfani tsaye a bakin ƙofa ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

Ita da kanta ta kafa ƙa'ida cewa duk tashar nukiliyar da ke son ci gaba da aiki yayin da ake duba takardar sabunta lasisinta, to ta kawo takardar aƙalla shekara biyar kafin lasisin ya ƙare. Wai don injiniyoyi su samu sukunin duba abin da shekara arba'in ta yi wa ƙarfe da kankare da wayoyi. To amma ina ruwan masoya da lissafin shekaru?

Kamfanin PG&E, mai tashar Diablo Canyon a gaɓar tekun Kalifoniya, ya nemi sabuntawa a 2009, ya amince a 2016 cewa zai rufe tashar, ya janye takardarsa a 2018. Wa'adin ƙarewar lasisin injin farko shi ne Nuwamban 2024, na biyu kuma Agustan 2025. Kwatsam a 2022 sai jihar ta sake shawara, tun da tashar na ba ta kusan kashi 9 cikin ɗari na wutar da take samarwa, har ta amince da rancen dala biliyan 1.4. Lokaci kuwa ya riga ya ƙure. Da wata hukuma ce mai taurin kai, da ta ce a kashe injin idan wa'adi ya cika har sai an gama bincike. NRC ba ta da wannan rashin kunya. A Maris ɗin 2023 ta ɗage wa kamfanin ƙa'idar, ta ce ya kawo takarda kafin shekarar ta fita. Ya kawo a Nuwamba. Shekara biyar ta koma ɗaya, kuma aka ce injin na iya ci gaba da ruri bayan lasisinsa ya ƙare, muddin ba a gama dubawa ba. Madalla da wannan sassauci! Direban da lasisin tuƙinsa ya mutu ma bai samu irin wannan gata ba.

Kuma dubi inda aka zaɓa a yi alherin. Kilomita biyar daga tashar akwai tsagar ƙasa ta Hosgri, irin wadda girgizar ƙasa ke tasowa daga cikinta. A 2008 aka gano wata, Shoreline, ƙasa da kilomita ɗaya daga ginin. A 1981 kuma, a wannan tashar dai, aka gano an juya taswirar gini, an kafa wasu matokaran kariyar girgiza bai-bai. Wuri mai irin wannan tarihi ai shi ya fi cancantar a yi masa sauri!

Matan ƙungiyar Mothers for Peace ta San Luis Obispo, waɗanda suke fama da tashar tun shekarun 1970, sun kai ƙara kan ɗage ƙa'idar tare da wasu ƙungiyoyi. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta bai wa hukumar gaskiya. Sannunku iyaye mata, ku yi haƙuri. 'Ya'yanku da jikokinku ne kawai ke kwana kusa da tashar, kamfani kuwa dala biliyan 1.4 aka tanadar masa.