Manya da Ƙanana a Ayarin Tashe

A wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, 'yan wasa kan kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumin ƙage, mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo, mai jan labari yana jefa su cikin haɗurra, ana yanke hukunci da ƙwayar jefawa irin ta ludo, wadda wata takan kai fuska 20. Kowane jarumi yana da matakinsa rubuce a takarda, kuma tsohuwar matsalar wasan ita ce ayarin da ya haɗa ɗan mataki na 2 da ɗan mataki na 9, domin dodon da zai sa babban ya yi gumi zai haɗiye ƙaramin tun bai zare takobi ba. Yaran Minjibir da Kunya da Wasai sun daɗe da sanin wannan matsala ba tare da tebur ba, domin ita ce ke tasowa duk shekara idan azumi ya kwana goma aka fara tashe, wato wasan kwaikwayon da yara kan bi gida-gida suna yi bayan an sha ruwa, ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi.

A wannan yanki, inda gona ke manne da gona kuma unguwa ba ta da nisa da 'yar'uwarta, maƙwabtaka ce ke haɗa ayari, ba gwaninta ba, shi ya sa ake samun kowane iri a cikinsa. Na gaba shi ne tsohon hannu, wanda ya shekara biyar ko shida yana tashe, ya haddace kowace waƙa, ya san gidan da ake bayarwa da gidan da ake cewa maigida ya tafi asham. Shi ne ke manna gemun auduga, ya cusa tsumma a baya don ya yi doro, ya dogara sanda yana tari irin na tsofaffi, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa wannan matsayi. Masifarsa ɗaya ce, kuma babba: muryarsa ta fara buɗewa, gashin baki ya fara tsiro, saboda haka a gidajen da ake kulle iyakarsa zaure. Nan ake barinsa da gemunsa da gwanintarsa, yana kasa kunne ta bayan katanga yana jin yadda ƙanana ke yi wa waƙarsa kisan gilla a gaban matan gida, su kuwa matan suna ta ƙyaƙyata dariya.

Wanda ya ci gajiyar wannan doka shi ne ɗan goyo, wato ƙanen wani daga cikin ayarin, wanda uwarsa ta ce in ba a tafi da shi ba babu mai fita. Bai san amshi ba, yakan shigo da shi kafin lokaci ko bayan kowa ya yi shiru; takalminsa na tsinkewa a tsakiyar hanya, barci na kama shi a gida na huɗu, kuma idan kare ya yi haushi shi ne farkon fashewa da kuka. Amma duk da haka shi ne jarin ayarin, domin tsohuwar da ba za ta ba ƙato ko ƙwayar gero ba, da ta ga bawan Allah an shafa masa toka a fuska, hula ta rufe masa ido, sai ta kwance bakin zane. Mai nazari zai lura cewa manyan sun san haka sarai, ko da yake babu wanda zai furta.

Tsakanin waɗannan biyu akwai makaɗi, mai dukan gwangwani da kara, wanda a ganinsa ƙarfin duka shi ne kiɗa, da kuma mai riƙon tocila, wanda ya nemi aikin ne don yana tsoron duhu duk da farin watan da ake yi a waɗannan darare. Ɗan birni kuwa ya fi su ban haushi. Shi ne wanda aka kawo daga Kano ya yi azumi wurin kakarsa, kuma kowane motsi sai ya ce ba haka ake yi a birni ba, yana ba da labarin Nalako, jagoran tashen gwauro, kamar tare suke sahur. Da an miƙa masa matsayi ya nuna yadda ake yi, sai ya ce maƙogwaronsa na ciwo.

Duk waɗannan halaye sai a wurin rabo suke bayyana sosai. A wasan Amurkawa lissafi ne ke raba makin da aka samu, amma a nan ma'aji ne, wato mai riƙon jaka, wanda aljihunsa kan huje a daidai daren da aka fi samu, kuma yakan rantse tun ba a tuhume shi ba. A daidai lokacin ne ɗan rakiya ke fitowa, wanda tun fita ba a ji muryarsa ba, ya zama lauyan ayari, ya kawo hujjar cewa tafiya ma aiki ce. Tsohon hannu zai nemi kaso biyu saboda audugar gemu tasa ce, makaɗi ya nemi ladan gwangwaninsa da ya lotse, a yi ta musu a kan mudun geron da ba a ma kai shi kasuwa ba. Ɗan goyo, wanda a lokacin ya daɗe da yin barci a kan dakali, akan ware masa naira hamsin da dabino biyu, sai wansa ya karɓa ya ce zai ajiye masa zuwa salla.