In Janareta Ya Mutu a Gidan Biki

A Azare, da ma ƙasar Guddiri baki ɗaya, watan Sha'aban shi ne kakar mawaƙan biki. Kowa so yake a kai 'yarsa ɗaki kafin azumi, sai ka tarar an kafa rumfa uku a layi ɗaya, kowace lasifika tana neman danne 'yar'uwarta. Wutar gari daga hannun kamfanin Jos take zuwa, wanda tun 2013 yake raba wa Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai, kuma wuta ba ta duba katin gayyata kafin ta tafi. Da janareta ake rufa asiri. To tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, uban amarya ya koyi miƙa wa mai inji galan ɗaya ya ce, "Wannan ne fa, in ya ƙare shi ke nan." Yakan ƙare ɗin, galibi daidai lokacin da ƙawaye suka rako amarya fili. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Wanda ke fara shiga uku shi ne ɗan mamin. Daga Kano aka ɗauko shi, da baƙin gilashi cikin dare da yaro mai riƙe masa waya. A situdiyo aka haifi waƙarsa: fiyano ya yi kiɗa, kwamfuta ta miƙe muryar duk inda ta karkace. Nasa a fili bai wuce riƙe makirfo da motsa leɓe ba. Inji na yin tari ya mutu, sai ka gan shi ido a lumshe, hannu a ƙirji, baki a buɗe, babu abin da ke fita sai iska. Ya ɗan ƙwanƙwasa kan makirfon, ya hura, ya harari dije. Mata su ce, "Malam, ci gaba mana da baki." Sai ya dafa maƙogwaro, wai sanyin hanya ne ya kama shi tun daga Wudil, alhali zufa ta jiƙa masa riga har gadon baya. Ƙarshen wahalarsa kuma sai an dawo da wuta ba zato: muryarsa ta ɓarke a lasifika tana rangaɗa baiti, shi kuwa yana can gefe da cinyar kaza a baki.

Akwai mai ƙarfin hali, wanda kunya ke hana shi zama. Ya ajiye makirfo ya ɗauki waƙa da iya ƙarfinsa, can sama inda ba zai iya daɗewa ba. Jijiyoyin wuya su tashi, ido ya yi ja, kafin baiti na uku murya ta dushe. Wannan liƙin tausayi ake yi masa. Akwai kuma wanda mutuwar inji ke mayar da shi makanike nan take: ya naɗe hannun riga, ya kwance fulogi ya goge da gefen shadda, ya yi ta fizgar igiya har a watse, gobe ya zo karɓar cikon kuɗinsa tun da ai ya yi aiki. Sha'iri mai mandiri kuwa, da aka ajiye wa walimar gobe, shi kaɗai za ka ji ya ce "Alhamdulillahi" da ɗan ƙarfi fiye da yadda hali ya nema.

Amma mai cin kasuwar duhu ita ce zabiya. Tun safe an jingine ta a wani lungu na tsakar gida, don 'yan mata sun ce zamaninta ya wuce, albarkacin kakar amarya kawai ta shigo. Ana yin ɗif sai ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce a miƙo mata baho da ruwa. Ta kifa ƙwarya a kai, yaranta su ja tsinke, kiɗan amada ya tashi, irin wanda Barmani Choge ta Funtuwa ta riƙe mata da shi har rasuwarta a 2013. Ba ihu take yi ba. Siririyar murya take ɗorawa bisa kan kiɗan, ta jefa baiti ta yi shiru, 'yan amshi su karɓa ita tana hutawa. Da wannan dabarar Mamman Shata ya riƙa raba dare da masu kalangunsa ba tare da ya nemi soket ba. Abin tsoron shi ne, zabiya ba ta tsayawa wuri ɗaya. Lasifika kina iya yin kamar ba da ke take ba. Zabiya har gabanki za ta zo ta tsaya, ta faɗi kakarki ta Chinade da gidan da aka kai uwarki a Madara, ta ja salsala har tsohuwar Katagum ta Malam Zaki. In jaka ta ƙi buɗuwa sai ta juya ta yabi kishiyarki da ke zaune kusa. Ni dai a ganina wannan ta fi kowa cancantar kuɗinta, sai dai da gangan take ƙara farashi da zarar ta ji inji ya yi shiru.

Kusa da ita akwai sanƙira, wanda muryarsa ke kai wa har bakin titi ko da wuta ko babu. Shi ne maganin masu liƙin duhu, waɗanda ke jiran a ɗauke wuta su fito da 'yan hamsin-hamsin suna mannawa da isa kamar dubu-dubu. Sun manta naira hamsin leda ce, ba ta kama goshi mai gumi, sulluɓewa take yi. Sanƙira ya tsince ta, ya haska da fitilar waya, ya ɗaga sama ya sanar wa duniya: "Hajiya babbar yayar ango, hamsin cif, Allah ya ƙara buɗi!"

Sai ƙanin ango, mai ceton taro. Ya ruga ɗaki ya fito da 'yar lasifikarsa mai caji, ya haɗa ta da wayarsa, ya saki waƙar Hamisu Breaker ko ta Ado Gwanja, ya ɗora ta bisa kujera yana baza kafaɗa. Rawa ta fara kankama ke nan sai kira ya shigo. Garin sauri ya danna karɓa, taro duka ya ji muryar mai hayar kujeru tar: "Ka gaya wa yayanka in bai cika min kuɗina ba, wallahi yanzu zan turo yara su kwashe, ko da mutane a kai."