Yadda Ake Haɗa Mangwaro da Kindirmo Mai Sanyi Ba Tare da An Yi Rigima a Gida Ba

Uwargida, idan watan Afrilu ya kama a Kano, zafi ya doshi digiri 40, fanka tana juyawa amma iskar da take turowa kamar daga bakin murhu, to lokacin wannan haɗin ya yi. Allah cikin rahamarsa ya kawo kakar mangwaro daidai da tsananin bazara. Masu shagunan zamani suna zuba shi a dogon kofi, su soka masa tsinke, su raɗa masa sunan Turanci, su karɓi kuɗin da zai yi miki cefanen yini. A gida za ki yi wanda ya fi nasu. Haɗin kansa ba wuya. Iyawa da mutanen gida shi ne aikin.

Daga kasuwa ake farawa, kuma kada ki aiki maigida shi kaɗai. Namiji in ya shiga 'Yan Lemo a Na'ibawa, mai kaya ya ce masa, “Alhaji, wannan ai zuma ne,” shi ke nan hannu ya tafi aljihu. Zai dawo miki da rabin buhu na mai zare, yana fara'a wai ya samu arha. Mai zare ba shi da laifi in za a sha shi a tsakar gida, ruwansa na gangarowa har gwiwar hannu. Amma a bilenda zarensa yake naɗe wuƙa, wanda ya tsira kuma ya je ya maƙale a haƙoran baƙi, su yi ta hira da ke baki a rufe. Ki nemi mai tsoka marar zare, irin juli ko manyan nan da ake yankawa da wuƙa. Kada launi ya ruɗe ki, don akwai mangwaron da yake nuna alhali bayansa kore shar. Kai shi hanci ta wajen gindin, inda aka tsinko shi. In ƙamshi ya tarye ki, kuma ya ɗan lotsa da kika danna, saya. In kuwa ya yi rawaya fes amma ba ƙamshi ko kaɗan, ajiye wa mai shi kayansa, don wasu suna nunar da 'ya'yan itace da kabayid, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai.

Yanzu ki matso, ga sirrin da duk wannan rubutu ya rataya a kansa. Kaurin wannan abin sha daga daskararren mangwaro yake fitowa. Mutane da yawa sukan markaɗa mangwaro da ɗuminsa, su antaya masa ƙanƙara, sannan su yi mamakin yadda ya tsinke kafin a kai shi falo. Ƙanƙara ai ruwa ce ta sha farar riga. Da ta ji zafin Kano sai ta tuɓe ta koma asalinta, ta bar ki da ruwan mangwaro salam. Saboda haka ki feraye manyan mangwaro 3, ki yayyanka su kamar girman kan babban yatsa, ki haɗa da ayaba 1 wadda ta nuna har bayanta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi. Baza su a faranti kada su hau kan juna, ki sa a firiza kamar awa 5, ko su kwana. Ayabar nan ita ce mai ba da santsi, irin wanda yake sa cokali ya tsaya a tsakiyar kofi yana jiran umarni. In kina da fiya, rabin guda yana yin wannan aikin.

Sai gadi. Yankakken mangwaro mai sanyi a firiza, a gidan da akwai yara, amana ce aka ba kura. Za ki ajiye faranti cike, ki dawo ki tarar da yanka 4 da yaro yana rantsuwa bai ko bi ta wajen ba, alhali haɓarsa rawaya. Da zarar sun daskare, juye su a roba mai murfi, ki tura can ƙurya bayan ƙullin kuɓewa, inda ba yaron da zai kai hannu da son ransa. Murfin nan dole ne, don mangwaro yana kwasar warin maƙwabtansa. In ya kwana a buɗe kusa da kifi ko daddawa, gobe za ki sha abin da ba a san ko miya ba ne ko kayan marmari.

Na san abin da za ki ce: ina wutar? Gaskiyarki. Sau da yawa mangwaro yana cikin daskarewa ake ɗauke ta, a dawo da ita sai kin yi barci. In haka ta faru, sayo ƙanƙara a unguwa, amma kada ki jefa ta cikin haɗin. Ƙulle mangwaron da ayabar a leda mai tsabta, ki binne su cikin fasasshiyar ƙanƙara a kula, ki rufe awa 2 ko 3. Ba za su yi tauri kamar na firiza ba, amma za su yi sanyin da ya isa. Wannan dabarar tana tsare kauri, tana kuma tsare cikin iyalinki, domin daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cutar kwalara da taifot. Ƙanƙarar da ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, wajen kofi ne matsayinta.

Kindirmo kuwa, ki samu na gaske, wanda aka dafa madararsa kafin ta kwana, ba a cire masa mai ba, wanda in kin sa ludayi yake yankuwa ya bar gurbi. Tsala ba za ta yi ba, ta fi dacewa da fura. In kina da mai kawo miki nono da kuka saba, ki gaya mata tun jiya ta ware miki mai kyau, kuma kada ki tsaya ciniki a kan naira kaɗan, matar nan tafiya ta yi da ƙwarya a ka. Yogot na kanti ma yana yi, sai dai ki tuna yawancinsa da sukarinsa yake zuwa. Mutanen Indiya, inda mangwaro ya samo asali, suna yin irin wannan haɗi da nasu nonon, suna ce masa lassi. Mu da muke da kindirmo a ƙofar gida ba mu da dalilin jin ƙyashinsu.

Kafin ki zuba komai, buɗe bilendar ki shinshina. Wannan maganar da gaske nake yi. Na taɓa zuwa gidan wata amarya ranar da surukarta ta kawo mata ziyarar farko. Yarinyar nan ta yi ƙoƙari, ta fito da kofunan gilashin da ke cikin kayan ɗakinta, haɗin ya yi kauri ya yi kyau. Hajiya ta yi bismilla ta kurɓa, ta yi shiru, idonta ya kawo ruwa, ta ce, “'Yata, wannan na mura ne?” Ashe da safe an markaɗa attarugu da albasa a bilendar, aka ɗauraye da ruwa kawai. Yajin barkono yana tafiya da maiƙo, ruwan sanyi ba ya fitar da shi, kuma robar da ke ƙarƙashin wuƙa ita ce maɓoyarsa. Kwance gindin jug ɗin, ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ki goge da lemon tsami. In da hali, ki ware jug guda wanda bai taɓa ganin kayan miya ba, ki hana kowa taɓa shi, har ƙanwar maigida.

Zubi yana da tsari. Kindirmo kofi 1 shi ne a ƙasa, don wuƙa ta samu abin juyawa. Sai madarar gari cokali 3, sai dabino 4 da kika cire wa ƙwallo kika jiƙa a ruwan ɗumi har suka yi laushi, musamman in busasshe ne irin wanda ake kawowa daga Nijar. Ki kankare 'yar ɗanyar citta kaɗan, wadda za a ji ta a maƙogwaro ba a gane ko mece ce ba. Daskararrun 'ya'yan itacen su ne a sama. Kunna, kashe, kunna, kashe, sannan ki bar ta ta yi kamar minti 1. In ta shaƙe tana gurnani, kashe ta, ki juya da cokali, ki ƙara madara kaɗan. Madara na ce. Hannunki zai kai ga butar ruwa, ki janye shi. Kada ki sa sukari sai kin ɗanɗana, kuma ki sani sanyi yana dusashe zaƙi a harshe, shi ya sa ake zuba fiye da kima ba a ankara ba. Baba mai ciwon suga a ba shi ƙaramin kofi, ko ya ɓata rai.

Ƙarar bilenda shela ce. Kafin ki kashe ta, yaron maƙwabta ya yi sallama wai mamansa ta ce a ara mata ashana, yana magana yana leƙen bayanki. Ki lissafa da shi tun farko, ki ninka awon.

Wata rana za ki ji sha'awar zuba duk abin da ke cikin kwando. Yi hankali da abarba da gwanda. Ɗanyunsu suna da wani sinadari mai narkar da furotin, shi ya sa ake tausasa nama da ganyen gwanda, kuma in suka jima cikin madara sai ta yi ɗaci. Lemon tsami yana tsinka madara ta yi gudaji. Kankana kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, wato dai ƙanƙarar da muka kora ce ta dawo da jar riga.

In babu bilenda, ko babu wutar kunna ta, ba a fasa ba. Matse mangwaron a rariya da bayan ludayi, ki dame ayabar da cokali mai yatsu, ki burga su cikin kindirmo da maburgi kamar yadda iyayenmu suke burga nono, sannan ki dasa kwanon a cikin ƙanƙara. A nan ne rabin buhun maigida zai yi rana, don rariya tana tare zare tsaf. Ki gaya masa hakan, zai yi kwana 3 yana ba abokansa labarin iya sayayyarsa.

Da kin gama, zuba a kai wa mutane nan take. Wannan haɗin ba ya jiran a idar da hira ko a gama kallon fim. In ya zauna, ruwa ya kwanta ƙasa, ayaba ta sha iska ta fara duhu. A fara da manya, sannan yara, kowa da kofinsa, a daidaita su a jere a gaban shaidu, don bambancin rabin yatsa ya isa a kai ƙara har wajen kaka. Lokacin azumi a bari a yi buɗa-baki da dabino da ruwa tukuna, in ba haka ba mutum ya cika ciki da shi, ruku'u ya gagare shi a tarawi. Maigida zai ɗaga kofi ya shanye a tashi ɗaya, ya dafe goshi yana salati. Ba wani abu ba ne, sanyi ne ya bugi ganɗarsa. Ki ce ya danna harshe a saman bakinsa, yanzu zai wuce.

In an yi sa'a wani abu ya ragu, ɗura shi a ƙananan leda ki mayar firiza, gobe yara su tsotsa bayan an taso daga Islamiyya. Wanda ya manne a jikin jug ɗin kuma, mai kaurin nan da ya ƙi zubowa, naki ne. Tura ƙofar kicin, ki ɗauko dogon cokali, ki zauna a kan kujerar tsugunne ki sha abinki. In an ƙwanƙwasa, ki ce kina wanke bilenda, sannan ki wanke ta kafin mangwaron ya bushe a wuƙa.